Tsakuwa a maɗaciyar tsohuwa: a yi aiki ko a bari?

Maman Walida (Mabera):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ma'aikatan lahiya da waɗanda sunka taɓa ganin irin wanga abu ku taimaka muna, gidanmu ya rabu biyu. Innarmu shekarunta 74. Ta daɗe tana kukan ciwo nan ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Galibi da dare shika taso mata in ta ci abu mai maiƙo, shi soke ta har bayan kafaɗa, ta yi ta amai, bayan awa biyu ko uku shi lafa kamar ba a yi ba. Wani mai kemis ya ce olsa ce, muna ta ba ta farin ruwan nan na kwalba. Bayan Babbar Sallah da ta ci soyayyen nama abin ya yi tsanani, munka kai ta asibiti anka yi hoton ciki. Takarda ta nuna tsakuwa cikin maɗaciya, da yawa, babbar cikinsu milimita 14. Likitan tiyata ya ce a cire maɗaciyar baki ɗaya tun tana da ƙarfinta. Babban yayanmu ya ce atafau ba a yanka tsohuwa. Tana da hawan jini tana shan magani, ba ta da suga. Ita ka yi wa kanta komai, islamiyya ma da ƙafarta taka zuwa. Mi kuka gani?

Hajiya ta Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Allah shi ba Inna lahiya, shi sa kaffara ce.

Ɗan Wurno:
Kada ku yarda a taɓa ta da wuƙa. Man zaitun rabin kofi, a matse lemun tsami a ciki, ta shanye da dare ta kwanta gefen dama. Wallahi da sahe za ku ga tsakuwar ta hito korra shar cikin fo. Da idona na gani ga matar maƙwabcina.

Baban Sadiq (Runjin Sambo):
Ni dai ga abin da na sani. Mahaifinmu ya haura 80. An je hoton mafitsara ne saboda matsalar fitsari, sai mai hoton ya hango tsakuwa a maɗaciya. Likita ya ce a ƙyale ta, kada a taɓa. Yau shekaru ke nan lafiyarsa ƙalau, yana cin balangunsa. To me ya sa ku za a ce a yanka? Ku nemi wani likitan ya duba.

Dakta A. (likitan tiyata):
Allah ya ba Inna lafiya. Ban gan ta ba, wanda ya ɗora hannu a cikinta ya fi ni sanin halin da take ciki, don haka maganata ta gaba ɗaya ce.

Baban Sadiq, likitan Baba ya yi daidai, likitan Inna ma ya yi daidai, domin ba ciwo ɗaya suke ɗauke da shi ba. Cikin mutum goma masu tsakuwa a maɗaciya, wajen takwas ba su ma san da ita ba, sai an je neman wani abu a ci karo da ita, kamar yadda ya faru da Baba. Irin wannan ba ma taɓa ta, don a shekara mutum ɗaya ko biyu ne cikin ɗari take fara damu. Ta Inna kuwa ta riga ta fara. Wadda ta fara ba ta cika dainawa ba, mafi yawan mutane ciwon na dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ita kuma Inna har ya zame mata ɗan gida.

Ga yadda abin yake. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo, fiye da rabin lita a kowace rana. Maɗaciya ajiya kawai take yi. Hanta ita ce rijiya, maɗaciya randa ce, in an ɗauke randa rijiya na nan tana ba da ruwa. Da mutum ya ci maiƙo sai maɗaciya ta matse don ta tura ruwan cikin hanji. In akwai tsakuwa sai ta toshe bakin, shi ne wannan sukar ta dare. In ta koma ciki sai ciwon ya lafa, a ce maganin olsa ya yi aiki.

Abin da muke tsoro shi ne ranar da ba ta koma ba. Maɗaciya ta kumbura, ƙwayoyin cuta su shiga, ta yi mugunya. A jikin tsoho bangonta na saurin mutuwa ya huje, kuma tsoho kan kai wannan matakin ba tare da zazzaɓi mai zafi ko ihu ba, sai dai a ga ya daina cin abinci, ya yi laushi, yana sambatu. Ko kuma tsakuwar ta sulale cikin babban bututun da ke sauko da ruwan ɗaci daga hanta, ido ya yi rawaya, ko ta toshe bakin fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, ta kumbura. A nan ƙananan tsakuwoyi sun fi manya haɗari, su ne ke iya wucewa ta ƙaramar kafa. Don haka Maman Walida, kada ki tsaya kan mai milimita 14 kaɗai, kalmar "da yawa" ita ta fi ɗaukar hankalina.

Ɗan Wurno:
To Dakta, abin da ni gani cikin fo ɗin hwa? Ƙarya idona ya yi?

Dakta A.:
Idonka bai yi ƙarya ba, Malam, ka ga wani abu kore mai kama da tsakuwa. Amma a hanji aka ƙera shi a daren. Mai da ruwan lemun tsami in suka haɗu da ruwan narkar da abinci suna dunƙulewa su zama sabulu, ruwan ɗaci ya rina shi kore. An taɓa kai irinsa ɗakin gwaji, da aka ɗumama shi zuwa digiri 40 sai ya narke ya koma mai. Mu nan ba ma buƙatar ɗakin gwaji, a watan Afrilu ka ajiye shi tsakar gida da azahar ka dawo ka duba. Tsakuwar gaske ba ta narkewa a rana. In kana son hujja, a yi wa matar hoton ciki yanzu. Kuma rabin kofin mai shi ne daidai abin da zai sa maɗaciya ta matse da iya ƙarfinta, a cikin jakar da ke cike da tsakuwa. Don Allah kada a ba Inna.

Ɗan Wurno:
Ku dai komai wuƙa. Allah shi kyauta.

Abu Fahad (Arkilla):
Assalamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana, ban san ƙanwata za ta kawo zancen gida nan ba, amma tunda an kawo bari in ce nawa. Dakta, na gode da bayani. Ba jahilci ya sa na ƙi ba, kuma ba kuɗi ba ne, Allah ya hore. Kawunmu ƙanen Inna, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na sa hannu a takarda aka shiga da shi tiyatar ciki a wani asibiti. Ni na riƙe takalmansa a bakin ƙofa. Bai farfaɗo daga allurar barci ba. Yanzu a ce in sake sa hannu a kan uwata da ke tafiya da ƙafarta? Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ciwon nan in ya taso yana lafawa. A hana ta maiƙo, a ci gaba da lallaɓawa har iya kwanan da Allah ya ɗibar mata.

Maman Walida:
Yaya, ka yi haƙuri, ban ambaci sunan kowa ba. Amma kai ba ka kwana gidan. Ni ka riƙe mata roba tana amai ƙarhe biyu na dare, tana dahe da bango tana salati. Kuma Kawu kwana nawa ya yi gida cikinai kumbure kahin a kai shi?

Sista Rabi (nas, ɗakin tiyata):
Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Yaya Abu Fahad, wanda ya riƙe takalmi a bakin ƙofar nan bai kamata a yi masa gardama da ƙarfi ba. Amma tambayar da Maman Walida ta yi ita ce zan so ka tsaya a kanta. Ban san abin da ya sami Kawu ba. Abin da na sani daga aikina shi ne mutum biyu masu shekaru ɗaya, ciwo ɗaya, kan shigo mana a hali daban. Ɗaya an ba shi rana, an daidaita hawan jininsa, an auna zuciya da ƙoda, ya yi azumin awannin da aka ce, 'yan'uwa sun ba da jini an ajiye, likitan allurar barci ya zauna da shi tun kafin ranar. Ɗayan an kawo shi tsakar dare a bayan mota, jiki ya bushe, jini ya faɗi, cuta ta shiga jini, ƙoda ta fara gazawa, babu lokacin gyara komai. Na biyun nan shi ne mafi yawan wanda ake cewa bai tashi daga allura ba.

Kuma mu ba takardar haihuwa muke dubawa ba, tsofaffinmu nawa ne ma ke da ita? Tambayoyin likitan allurar barci su ne irin: tana sallah a tsaye? In ta yi sujada tana miƙewa da kanta? Tana kai wa ƙarshen layi ta dawo ba ta tsaya tana haki ba? Tana iya kwanciya rigingine ba numfashi ya ɗauke ba? Ƙafa na kumbura? Tana gane mutane da lissafin kuɗinta? Na ga 'yar 80 da ta fi ɗan 55 mai suga da taba ƙwari. Bayan tambayoyi sai gwajin zuciya na ECG, awon jini, na ƙoda, na hanta, hoton ƙirji, in an ga dalili a ƙara hoton zuciya. Ganin likitan allurar barci ba sa hannu ba ne. Ku kai ta ya auna ta, ka shiga da kanka ka yi masa duk tambayar da ke ranka.

Abu Fahad:
Sista na ji. To wannan na hudawa da kyamara da ake faɗa, ba sabon abu ba ne za a koya a jikin mutane?

Dakta A.:
Ba sabo ba ne, Alhaji. Cire maɗaciya an fara shi tun 1882 a birnin Balin na Jamus, wani likita Carl Langenbuch ya yi. Na hudawa kuma Erich Mühe ya fara yi a Jamus a 1985. Ƙananan huji ne uku ko huɗu, a hura iska a cikin ciki don a sami fili, a sa kyamara a ciro jakar. Amfaninsa ga tsoho shi ne ciwon bayan aiki kaɗan ne, yana iya jan numfashi sosai ya yi tari, ya tashi ya taka da wuri, galibi kwana ɗaya ko biyu a sallame shi. Na yankawa ya fi daɗewa a gado. Amma shi ma aiki ne mai kyau a hannun wanda ya saba, kuma wani lokacin ana farawa da huji a ga wurin ya manne saboda yawan kumburin baya, dole a buɗe. Wannan ya fi faruwa ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe suna fama, kuma ba kuskure ba ne, tsare lafiya ne. Ku tambayi likitanta kai tsaye wanne zai yi, wanne ya fi sabawa da shi. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Dakta M. (likitan cututtukan manya):
Ina bin zancen tun ɗazu. A kan Inna, bisa yadda aka kwatanta ta, ina tare da abokin aikina. Amma ina tsoron wani ya karanta ya ɗauka kowane tsoho mai ciwon nan sai tiyata, kuma ina ganin an ɗan sassauta wa Alhaji gaskiya. Haɗarin aiki ga ɗan 74 ya fi na ɗan 40, ko da an shirya. Mu ake kira bayan masu wuƙa sun wanke hannu: tsohuwa ta rikice ba ta gane 'ya'yanta na kwanaki, ko ciwon huhu ya kama ta saboda kwanciya, ko jini ya daskare a ƙafa. Iskar da ake hurawa a ciki ma tana takura zuciya da huhu. Akwai kuma raunin babban bututun ɗaci a lokacin aiki, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma in ya faru babbar magana ce. Duk wannan haƙƙin iyali ne su ji.

Kuma akwai wanda ni ba zan tura ɗakin tiyata ba. Tsoho da ke kwance sai an juya shi, zuciya ta gaza, ko mantuwa ta yi nisa. In maɗaciyarsa ta kumbura, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da ƙarin ruwa, in bai yi ba a kashe fatar wurin a zura siririn bututu ta gefen ciki a zuƙe mugunyar. Ba sai an sa shi barci ba.

Dakta A.:
Ban musa ba, ranka ya daɗe, ga wanda ba zai iya ɗaukar allurar barci ba bututun nan ceto ne. Inda nake jan birki shi ne yadda ake mayar da shi mafita ga duk mai furfura. An yi gwaji a Holan, aka buga a 2018, majinyata 142 masu kumburin maɗaciya waɗanda ake ganin aikinsu na da haɗari. Aka raba su, wasu aka cire, wasu aka sa bututu. Manyan matsaloli sun sami kashi 65 cikin ɗari na masu bututu, masu tiyata kashi 12. Bututu na toshewa, yana zamewa, tsakuwa kuma na nan inda take, sai a yi ta dawowa asibiti.

Dakta M.:
Na san gwajin. Ka manta ka ce waɗanda suka fi kowa jigata ba a sa su ciki ba, su kuwa nake magana a kai. Sannan Holan ba Sakkwato ba ce, can gadon kulawa ta musamman na jiran mutum in abu ya ɓaci.

Dakta A.:
Hujjar taka ta biyu ni take taimako. In gadon kulawa ta musamman na da wuyar samu, ai gara a yi aikin ranar da ba a buƙatarsa. Kuma tsohon da ya fito daga Gwadabawa ko Tambuwal, wa zai kula masa da bututu a gida na makonni?

Dakta M.:
A nan mun haɗu. Ka bar mini marasa ƙarfin, na bar maka irin su Inna.

Maman Ihsan (Minannata):
Likitoci ku yi mana afuwa mu 'yan kallo. Ni tambayata, ba a fasa ta da na'ura kamar tsakuwar ƙoda? Ko a ciro tsakuwar kawai a bar mata jakarta? Mutum shi zauna ba maɗaciya kuma?

Malam Sani (mai haɗa magani):
Bari in ɗauke wa likitoci wannan. Tsakuwar ƙoda in an farfasa ta tana da hanyar fita, fitsari ya wanke ta. Ta maɗaciya in an farfasa, gutsattsarin ta bututun da Dakta ya ce ake tsoro za su bi. An gwada a shekarun 1980, yanzu kusan an bari. Ciro tsakuwa a bar jaka kuma, jakar ce ke haɗa ta, za ta sake. Zama ba maɗaciya lafiya lau ne, ruwan ɗaci ya riƙa gangarawa hanji kai tsaye. Wasu kan sami sakin ciki in sun ci maiƙo da yawa, ga mafi yawa yana daidaita.

Akwai ƙwayar narkarwa ta gaske, ursodiol, kada wani ya ce mun ɓoye. Sai dai ƙananan tsakuwoyin kolestarol kaɗai take ci, waɗanda ba su yi tauri da alli ba, kuma sai jakar na aiki. Ana shan ta kullum wata shida har shekara biyu, ba arha gare ta ba, in an daina kuma wajen rabin mutane tsakuwar na dawowa cikin shekara biyar. Masu sikila ma tasu baƙa ce, daga fashewar jini take, ƙwayar ba ta taɓa ta. Ana ajiye ta ne ga wanda ba za a iya yi wa aiki ba.

Abin da ya fi damuna a shagunanmu shi ne diclofenac. Yana kwantar da wannan sukar sosai, shi ya sa ake son sa. Amma tsohuwa mai hawan jini a riƙa ɗirka mata shi duk dare, ƙoda ce za ta biya, ko cikin ya yi gyambon gaske ya yi jini. Maman Walida, in akwai shi a ɗakin Inna, ko ibuprofen, ki nuna wa likitanta kafin ta ƙara sha.

Hajiya ta Gawon Nama:
Alhaji Abu Fahad, zancen hana maiƙo da kac ce, mu mun bi wagga hanya da uwar mijina, Allah shi jiƙan ta. Anka hana man shanu, anka hana nama, ƙosai, masa, har nono anka ce a'a. Ita kuma tsoron ciwon ya sa ko abin da anka yarda ba ta ci, sai kunu tsararo. Zanenta da taka ɗaurawa sau guda ya koma sai ta naɗa shi ta ƙara. Ranar da ciwon ya zo da gaske, likita ya ce jikin ba shi ɗaukar aiki. Ban ce ka yi ko kada ka yi ba, na dai gaya maka lallaɓawa ma tana da nata.

Dakta A.:
Allah ya gafarta mata, Hajiya. Rage maiƙo na rage yawan tasowar ciwo, ba ya narkar da ko ƙwaya ɗaya. Rama da sauri ma na ƙara haɗa tsakuwa. Kafin ranar aiki Inna ta ci tuwonta da miya mai ɗan mai, kifi, kaza ba fata, wake, fura da nonon da aka cire wa mai, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Soye-soye da kitse kawai za ta bari.

Malam na Kanwuri:
Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Na ji ra'ayin ɗa, na ji na ɗiya, na ji likitoci har sun yi musu sun shirya. Ban ji abin da mai jikin ta ce ba. Matar da ke zuwa islamiyya da ƙafarta, hankalinta garau, ita ke da haƙƙin cewa e ko a'a, a shari'a da kuma a dokar asibiti. Alhaji, sa hannun ma ba naka ba ne, nata ne, ko da dangwale za ta yi. Wataƙila wannan ya rage maka nauyin da kake ɗauke da shi tun rasuwar Kawu. Ajali ba ya gaba ba ya baya, neman magani kuma ba ya warware tawakkali.

Abu Fahad:
Allah gafarta Malam, mun ce mata ƙwayar cuta ce a ciki, don kada hankalinta ya tashi jininta ya hau. Ƙanenta ne fa ya tafi ta wannan hanyar.

Malam na Kanwuri:
Niyyarku mai kyau ce. Amma wadda ta haife ku ta binne iyaye da miji da ƙane, ba labarin tsakuwa ne zai fi ƙarfinta ba. Ku zauna da ita ku biyu bayan la'asar.

Baban Sadiq:
Kafin a watse, maganar kuɗi, don wasu masu karatu ba kamar Alhaji ba ne. A nemi a rubuta muku kiyasin komai a takarda: gwaje-gwaje, aiki, magani, gado. Ma'aikaci ya duba ko iyayensa na cikin inshorarsa ta lafiya, NHIA ta tarayya ko SOCHEMA ta jiha, tun kafin ranar. Mai ƙaramin ƙarfi ya je Hukumar Zakka da Waƙafi ya tambaya, kuma asibitocin gwamnati na da ofishin walwalar majinyata. A tanadi matasa biyu masu ba da jini.

Maman Walida:
Jama'a mun gode, Allah shi saka. Mun zauna da ita ni da Yaya. Tun kahin mu gama tac ce ta ji likita da kunnenta ranar hoto, ta yi shiru ne ta ga iya gudun ruwanmu. Ta ce a kai ta wurin mai allurar barcin ta ji da bakinai, in ya ce jikinta na ɗauka ta yarda, don ta gaji da tsoron abinci. Sharaɗi guda: sai bayan bikin jikarta, saura mako biyat. Yaya ya ce shi zai kai ta. Dakta, jiran ba shi da illa?

Dakta A.:
Madalla. Mako biyar ba laifi ga aikin da aka tsara, in likitanta ya amince, kuma a yi gwaje-gwajen a cikinsu, kada a jira a gama biki. A sa mata ido kan naman biki. In tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, likita ne zai faɗi ko za a tsayar da shi, da kuma ranar tsayarwa, kada ku yanke da kanku. Na hawan jini ta ci gaba da sha. Amma ku rubuta wannan ku manna a ɗakinta: ciwon da ya wuce awa shida bai lafa ba, zazzaɓi ko rawar sanyi, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi ba madara, bayan gida ya yi fari, aman da ya ƙi tsayawa, ko ta rikice ko ta yi laushi haka kawai. Ko ɗaya ya bayyana, ko ranar ɗaurin aure ce, asibiti kai tsaye.

Ummu Aisha (Bodinga):
Innalillahi. Dakta don Allah. Surukina ya haura 70, idonai ya yi ɗorawa tun shekaranjiya, fitsari awa shayi, anka ce shawara ce muna ba shi jiƙo. Jiya ya kwana rawar ɗari, ya ce gefen damanai na ciwo. Yanzu tun magariba shina kiran sunan mutanen da sunka rasu. Mun ce da sahe a kai shi kemis a yi mai allura.

Dakta A.:
'Yar'uwa, kada ku kai safe, kuma ba kemis ba. Rawayar ido da rawar sanyi da ciwon gefen dama, ga rikicewa a kai, alamar bututun ɗaci ya toshe ne cuta ta shiga jini. Ko da wani abu ne daban, wannan hali na gaggawa ne. Ku nemi mota yanzu ku kawo shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa ko Asibitin Ƙwararru. Yana buƙatar ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya a daren nan, sannan a buɗe hanyar da ta toshe, ko ta baki da na'urar ERCP mai kyamara inda ake da ita, ko ta bututu, ko ta tiyata. A daina jiƙon, kada a ɗura masa abinci ko ruwa yana wannan hali.

Sista Rabi:
Ku zo da duk magungunan da yake sha, har kwalbar jiƙon, da tsofaffin takardun asibiti in akwai. Ku kwantar da shi a gefe cikin mota saboda amai. A bakin ƙofa ku ce wa nas ɗin farko: ido rawaya, rawar sanyi, ya rikice tun magariba. Ku taho da wanda zai iya ba da jini.

Ummu Aisha:
Maigida ya tahi kiran mai mota. Wace ƙohwa za mu shiga in mun iso asibitin koyarwa?

Sista Rabi:
Babbar ƙofa, ku ce wa masu gadi sashen gaggawa na manya, za su nuna muku. Ki duba saƙon da na tura miki ta ciki, ki kira ni in kun shigo gari.